Waiwaye: Yadda Jam'iyyar Tsakiya ta Birtaniya ta Faɗi Daga Kujeru 57 Zuwa 8

Duk lokacin da maganar haɗakar jam'iyyu ta taso a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook na masu bibiyar siyasa a Gombe, ba a daɗewa sai wani ya jawo misalin jam'iyyar Liberal Democrats ta Birtaniya, wadda ta shiga babban zaɓen 2015 bayan ta ci kujeru 57 a zaɓen da ya gabace shi, ta fito da 8 kacal. Masu adawa da haɗaka suna cewa ga sakamakon ƙaramar jam'iyyar da ta raɓi babba, wasu kuma suna cewa hukunci ne na saɓa alkawari, kuma ko a Pantami ko a Landan talaka ba ya mantuwa. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, sai dai dukkansu suna ba da labarin tamkar a dare ɗaya ginin ya rushe, alhali ya fi shekara huɗu yana tsagewa a gaban idon kowa.

Su ma mutanen Birtaniya haka suka ɗauki abin a daren Alhamis, 7 ga Mayu, 2015. Da aka rufe rumfunan zaɓe, hasashen da gidajen talabijin suka fitar ya ba jam'iyyar kujeru 10, kuma manyanta da dama suka ƙi yarda da shi, sai gari ya waye ko goman ba ta kai ba. Shafukan Twitter da Facebook suka cika da shaguɓe, ana cewa 'yan majalisarta duka za su iya shiga ƙaramar bas ɗaya har a samu gurbi, tsofaffin ɗalibai kuma suna rubuta cewa alhakinsu ne ya kama ta. A gefe guda, dubban mutane suka yanki katin zama 'yan jam'iyyar ta intanet cikin makonnin da suka biyo baya, saboda tsoron kada a wayi gari babu wata murya tsakanin manyan jam'iyyun ƙasar biyu, Conservative da Labour. Masu dariya da masu juyayi duka sun tsaya ne a kan daren da kuma fuskokin waɗanda suka faɗi.

Tarihin farko sananne ne. Jam'iyyar Liberal ta yi mulki a farkon ƙarni na 20, Labour ta maye gurbinta bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, har a shekarun 1950 kujerunta suka koma 6. A 1983 ƙawancen Liberal da jam'iyyar Social Democratic Party (SDP) ya samu kashi 25 cikin 100 na ƙuri'u amma kujeru 23, yayin da Labour mai kusan kashi 28 ta kwashe 209. A 1988 Liberal da SDP suka narke suka zama jam'iyya ɗaya, wato Liberal Democrats, wadda ta kai kujeru 46 a 1997, sannan 62 a 2005 bayan ta yi adawa da yaƙin Iraƙi. A 2010 babu jam'iyyar da ta samu rinjaye, sai Liberal Democrats ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da Conservative. A watan Disamba na shekarar majalisa ta amince a ɗaga iyakar kuɗin jami'a zuwa fam 9,000 a shekara, duk da alkawarin da 'yan takarar jam'iyyar suka sa wa hannu kafin zaɓe cewa za su yi adawa da ƙarin. 21 daga cikin 'yan majalisarta sun jefa ƙuri'ar ƙin amincewa, amma tabon ya shafi kowa. Wannan shi ne abin da kowa ya sani, kuma ya yi mata illa ƙwarai.

Ranar da ba a cika ambata ba ita ce Alhamis, 5 ga Mayu, 2011, kuma a ganina daga ita ne faɗuwar ta zama wadda ba ta da makawa. A ranar aka yi ƙuri'ar raba gardama a duk faɗin ƙasar kan ko a sauya tsarin zaɓen 'yan majalisa, kuma wannan ƙuri'a ita ce babban abin da jam'iyyar ta karɓa a yarjejeniyar shiga gwamnati. Tsarin da ake kai irin namu ne sak, domin daga can muka gado shi: a kowace mazaɓa wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ke da kujera, ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce, sauran kuma su tashi hannu rabbana. Mutumin Akko ko Dukku da Nafada ba ya buƙatar a yi masa bayani, domin ya san cewa jam'iyyar da ta zo ta biyu a dukkan mazaɓun tarayya 6 na jihar Gombe ba za ta tura ko mutum ɗaya Abuja ba, komai yawan jama'ar da suka dangwala mata. Shi ya sa a ranar zaɓe ake jin ana cewa kada ka yi asarar ƙuri'arka, kuma wannan kalma ita ce ta fi kowace kashe jam'iyya ta uku a duk inda ake bin wannan tsari.

Tsarin da aka gabatar a madadinsa ya ba mai zaɓe damar jera 'yan takara. Maimakon ya sa alama ɗaya a gaban suna ɗaya, sai ya rubuta 1 a gaban wanda ya fi so, 2 a gaban mai bi masa, 3 a gaban na gaba. Idan babu wanda ya haura rabin ƙuri'u a ƙidayar farko, sai a cire na ƙarshe, a ɗauki takardun da suka zaɓe shi a duba lamba ta 2 da ke kansu, a raba wa sauran, a ci gaba da haka har wani ya haura rabi. Ba shi ne tsarin da jam'iyyar ta shafe shekaru tana nema ba, domin burinta shi ne a raba kujeru daidai da yawan ƙuri'u, amma shi ne iyakar abin da tattaunawar kwana biyar ta watan Mayun 2010 ta iya samarwa, kuma magoya bayanta sun ɗauke shi a matsayin matakin farko.

Jama'a suka yi watsi da shi, kusan kashi 68 cikin 100 suka ce a'a, kashi 32 suka ce e, kuma waɗanda suka fito kimanin kashi 42 ne kawai na masu rajista. Daga cikin yankunan ƙidaya 440, guda 10 ne kawai suka amince, irin su Cambridge da Oxford da wasu unguwannin Landan. Ƙuri'ar ta zo wata biyar bayan rikicin kuɗin makaranta, don haka mutane da yawa ba tsarin zaɓe suka auna ba, fushinsu suka je saukewa. Gaskiya ne cewa ko da an amince da sabon tsarin, da wuya ya ceci jam'iyyar a 2015, domin wanda ya fusata ba zai ba ka lamba ta 2 ba. Asarar ta fi haka zurfi: an rufe ƙofar gyaran zaɓe na tsawon shekaru, jam'iyyar ta riga ta biya farashin shiga gwamnati, ladan da ta shiga dominsa kuma ya kuɓuce tun a shekarar farko, ga shi sauran shekara huɗu a gabanta.

A wannan rana dai aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Ingila, inda ta rasa kansiloli fiye da 700, ta kuma rasa ikon majalisun birane irin su Hull da Newcastle, a majalisar Sikotland kuma kujerunta suka sauko daga 16 zuwa 5. Wannan ɓangaren ne masu muhawara suka fi tsallakewa, alhali shi ne ƙashin bayan labarin. Tun daga 1970, lokacin tana Liberal, jam'iyyar ta gina kanta a kan siyasar unguwa, domin ba ta da manyan ƙungiyoyin ƙwadago a bayanta kamar Labour, ba ta kuma da yawan attajiran Conservative. Kansila ne ke bin gida gida yana zura takardar labaran unguwa ta ramin wasiƙa da ke jikin ƙofa, shi ke bin kadin ramin da ya fashe a titi da fitilar da ta mutu da kwandon sharar da aka daina kwashewa, shi ne kuma ya san gidan da za a ƙwanƙwasa ranar zaɓe. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake haɗa wakilan akwati a Jekadafari ko Bolari ya san cewa ɗan takarar majalisa a kan kafaɗun irin waɗannan mutane yake tsaye. Zaɓukan ƙananan hukumomi na 2012 da 2013 da 2014 suka ci gaba da zaftare su, a zaɓen majalisar Turai na 2014 kuma kujerunta 11 suka koma 1.

Da 2015 ta zo, abin da ya rage shi ne a ƙidaya ɓarnar. Yawancin kujerun jam'iyyar dama da ƙuri'ar aro aka ci su, domin a kudu maso yammacin Ingila magoya bayan Labour ne ke ba ta ƙuri'a don su tare Conservative, a wasu biranen arewa kuma masu ƙin Labour ne ke raɓa da ita. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Da ta zauna a gwamnati ɗaya da Conservative, mai aron farko ya karɓe kayansa, na biyun kuma ya ga gara ya zaɓi babbar jam'iyyar kai tsaye. Conservative ta ƙwace kujeru 27 daga hannunta, Labour 12, jam'iyyar SNP ta Sikotland 10. Ƙuri'unta suka faɗo daga miliyan 6.8 zuwa miliyan 2.4, wato daga kashi 23 zuwa kusan kashi 8, kuma a mazaɓu fiye da 300 'yan takararta ba su kai kashi 5 ɗin da ake buƙata don a mayar musu da kuɗin ajiyarsu na fam 500 ba. Da ana raba kujeru 650 na majalisar daidai da ƙuri'u, wannan kashi 8 ɗin da ya ba ta kusan 50.

Abin da ya biyo baya ya ƙara nuna inda gizo ke saƙa. A zaɓen 2019 jam'iyyar ta samu kusan kashi 12 cikin 100 na ƙuri'u da kujeru 11. A 2024, bayan ta shafe shekaru tana sake gina kansilolinta, ta kuma tattara ƙarfinta a mazaɓun kudancin Ingila inda masu adawa da Conservative suka sake ara mata ƙuri'a, ta samu kashi 12 da ɗoriya kaɗan, amma kujerunta suka kai 72, adadin da ba ta taɓa samu ba tun kafuwarta. A zaɓen dai jam'iyyar Reform ta fi ta yawan ƙuri'u, ta samu kashi 14, amma ta tashi da kujeru 5, kuma har yau da tsarin da aka ƙi sauyawa a 2011 ake zaɓen 'yan majalisar Birtaniya.