'Yan sa-kai, Lakurawa da sauransu: su wa ke riƙe da bindiga a Sakkwato bayan soja?

Duk mai bindigar da ba jami'in gwamnati ba ɗan bindiga ne?

A'a. Akwai 'yan bindigar daji irin su Bello Turji, da suka addabi Isa da Sabon Birni da satar shanu, garkuwa da mutane, da ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a bar su su shiga gona. Akwai 'yan sa-kai, mutanen gari da suka ɗauki makami da kansu. Akwai Lakurawa, masu ɗauke da makamai da ke iƙirarin addini. Sai rundunar tsaron al'umma da Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar a 2024. Abin da ya raba su shi ne wanda suke jin maganarsa, da wanda zai tuhume su in sun yi ɓarna.

Me doka ta ce?

Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a Najeriya. Dokar makamai ta 1959 kuma ta hana farar hula riƙe bindigar yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa. Shi ya sa za ka ga ɗan banga da bindigar gargajiya da layu a damtse, wanda zai tara kuwa yana rataye da AK-47.

'Yan sa-kai ai don kare jama'a suka fito. Me ya sa aka haramta su?

Nan gizo ke saƙar. Mutumin da aka kashe wa ɗan'uwa, aka kore masa shanun noma, ya kira jami'an tsaro ba su zo ba sai bayan an yi jana'iza, da wuya ka ce masa ya naɗe hannu. Amma ɗan sa-kai ba ya kai wanda ya kama kotu. Shi ne mai bincike, shi ne alƙali, kuma sau da yawa hujjarsa ba ta wuce cewa mutum Bafulatani ne ba. A watan Oktoban 2021 aka kashe Fulani a kasuwar Mamande da ke Gwadabawa, aka ɗora alhakin a kan 'yan sa-kai. Cikin watan nan dai 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, fiye da mutum 40 suka rasu, jama'a da dama suka ɗauka ramuwar gayya ce. Waɗanda suka mutu a Goronyo cin kasuwa kawai suka je. Bayan haka ne gwamnatin Aminu Tambuwal ta haramta ƙungiyar.

Lakurawa fa, daga ina suka ɓullo?

Ta iyakar Nijar suka shigo, suka zauna a dazukan Tangaza da Gudu. Da farko wasu mutanen yankin sun yi maraba da su, don sun fatattaki ɓarayin shanu. Da suka zauna da gindinsu sai suka fara karɓar dabbobi da sunan zakka, suna yi wa samari bulala kan jin kiɗa. Wanda aka kira gadi ya zama mai gida. Sai a Nuwamban 2024 hedikwatar tsaro ta fito ta yi maganarsu a fili, alhali mutanen Tangaza sun yi shekara da shekaru da saninsu. A Janairun 2025 babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda.

An taɓa cin ribar irin waɗannan ƙungiyoyi a wani wuri?

An ci. 'Yan kato-da-gora da suka tashi a Maiduguri a 2013 sun taimaka wajen korar Boko Haram daga birnin, don sun san ɗan unguwa da baƙo. Gwamnatin Sudan kuwa ta mayar da mayaƙan sa-kai na Janjawid rundunar RSF a 2013, a Afrilun 2023 rundunar ta juya wa sojan ƙasar bindiga.

To rundunonin da gwamnoni ke kafawa, ba 'yan sa-kai ba ne aka ɗinka wa kaki?

Ba daidai suke ba. Katsina ta kafa tata a 2023, Zamfara ta bi da Askarawa a farkon 2024. Waɗannan da doka aka kafa su, an rubuta sunayensu, an ba su horo. Inda nake da shakka shi ne ranar da alawus ya yi wata uku bai zo ba, ko zaɓe ya ƙarato ɗan siyasa ya fara neman samari. Kuma ana tura 'yan rundunar Sakkwato gabashin jihar da makaman da ba su kai na mutanen daji ba.