Laƙaban shugabannin coci

Laƙabin da ake kiran shugaban coci da shi yana nuna irin tsarin cocin nasa. In ka ji an ce Fada, wato Father a Turanci, to Katolika ne galibi, in ka ji Baba Fasto da dattawan ikilisiya to ka shigo ɓangaren cocin Furotesta irin su ECWA da COCIN kenan.

Fasto asalinta daga Latin take, ma'anarta makiyayi, shi yasa zaka ji ana ce ma mabiya garke. Bishop kuma daga Girkanci, mai kula kenan. Rabaran kalmar girmamawa ce ga wanda aka naɗa, a ECWA mutum zai yi shekaru yana Fasto, yana wa'azi yana zagaya marasa lafiya, kafin a ɗora masa hannu ya zama Rabaran. Matarsa ko ba'a naɗa ta komai ba Mama ake ce mata, kuma yawanci ita ke riƙe da zumuntar mata.

A Katolika tsani ne, Dikin mai taimaka ma Fada, Fada, Bishop, sama Fafaroma a Roma. Kadinal muƙami ne da Fafaroma ke bayarwa kuma masu muƙamin ne ke zaɓen sabon Fafaroma, John Onaiyekan na Abuja ya samu a 2012. Matthew Hassan Kukah shi ne Bishop na Sakkwato tun 2011. Angilikan ma suna da Bishop, Samuel Ajayi Crowther aka fara naɗawa a baƙaƙen fata na Afirka a 1864.

Inda gardamar take shi ne kalmar Fada, wato uba. Masu ƙin ta suna kafa hujja da Matiyu 23:9 inda Yesu yace kar a kira kowa uba a duniya, Katolika kuma su ce ai Bulus da kansa ya kira kansa uban Korintiyawa a 1 Korintiyawa 4:15. A ganina gardamar ta fi ƙarfi a baki, don wanda ya ƙi cewa Fada shi ne zaka ji ya durƙusa yana "sannu Baba".

Sababbin cocin Pentikostal su sun faɗaɗa abun, akwai Manzo, akwai Annabi, akwai Janar Obasiya, wato shugaban cocin gaba ɗaya, kaman Enoch Adeboye na cocin Redeemed (RCCG) tun 1981. A ƙauye kuwa Mai Bishara ne ko Katikis, mai koyar da addini, ke riƙe da coci duk Lahadi, yana noma gonarsa, mutane suna ce masa Malam kawai.