Ƙarfin gwamnati da yadda take tunkarar annoba

Idan annoba ta ɓarke, jama'a kan zuba ido su ji matakin da shugabanni za su sanar, alhali mu ma'aikatan lafiya mun san cewa gwamnati ba ta iya yaƙar cuta sai da abin da ta riga ta tanada. Wannan tanadi ya haɗa da ɗakunan gwaje-gwaje, da ma'aikatan da aka horar kuma ake biyan su a kan kari, da hanyar da rahoto ke bi daga ƙaramin asibiti ya isa ma'aikatar lafiya ba tare da ya kwana a hanya ba.

Cutar Ebola ta fara ne a kudancin ƙasar Gini a watan Disamba na 2013, amma ba a tabbatar da ita ba sai a watan Maris na 2014, bayan an kai samfurin jini Faransa. Wata uku ke nan tana cin mutane ana zaton wata cuta ce daban. Laberiya kuwa, inda cutar ta bazu, a lokacin likitocinta ba su wuce kimanin 50 ba, ga al'umma sama da miliyan 4. Kafin a shawo kan cutar, fiye da mutum 11,000 sun rasu a Gini da Laberiya da Saliyo.

A ranar 20 ga Yuli na 2014 wani matafiyi ya shigo da ita Legas. Marigayiya Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta ƙi sallamar sa daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, ta kuma rasa ranta a sanadin haka. Abin da ya biyo baya shi ne ya kamata a lura da shi: an ɗauko tsarin cibiyar gaggawa da aka gina domin yaƙi da shan inna, tare da ƙwararrunsa, aka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi mu'amala da waɗanda suka kamu. Bin sawu aiki ne na ƙafa. Ma'aikaci zai je ƙofar gidan mutum kowace rana har kwana 21, ya auna zafin jikinsa, ya rubuta, idan ya ga zazzaɓi ya kira motar asibiti nan take. Duk wannan ba ya yiwuwa sai da mota da mai da waya da kayan kariya. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma a ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa cutar ta kau daga Najeriya.

Korona ta sake fito da bambancin da ke tsakanin ƙasar da ta yi tanadi da wadda ba ta yi ba. Koriya ta Kudu, wadda wata cutar numfashi mai suna MERS ta kashe mata mutum 38 a 2015, ta gyara dokokinta bayan nan, shi ya sa a farkon 2020 ta hanzarta yin gwaji da yawa, ta killace waɗanda suka kamu ba tare da ta rufe ƙasar baki ɗaya ba. Gwamnatin da ba ta san wanda ke ɗauke da cuta ba kuwa, kulle kowa ne kawai ya rage mata. Indiya ta sanar da kulle a watan Maris na 2020 da wa'adin sa'o'i huɗu, leburori masu ɗimbin yawa suka kama hanyar garuruwansu a ƙafa. A ganina, kullen da babu tallafin abinci a bayansa ba ya ɗorewa, domin mai neman na yau da gobe dole ya fita, kuma daga nan ya daina sauraron hukuma. Arziki ma shi kaɗai bai isa ba, tunda Amurka ta rasa sama da mutum miliyan ɗaya.

A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya, amma ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cikawa, kuma haƙƙin kowa ne ya tambayi wakilansa inda aka kwana. Namu rabon a matsayin jama'a yana nan: idan aka ga rashin lafiya ko mace-macen da ba a saba gani ba a wuri guda, a sanar da asibiti mafi kusa a ranar, kuma idan ma'aikatan bin sawu suka zo, a faɗa musu sunayen duk waɗanda majiyyaci ya yi mu'amala da su.