Me ya sa tsohon iPod ke gyaruwa, siririyar kwamfuta kuwa sai a hankali?

Me ake rasawa idan kwamfutar tafi-da-gidanka ta yi siriri?

Fili ake rasawa. A watan Janairun 2008 Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple na lokacin, ya zaro MacBook Air na farko daga cikin ambulan, ba shi ma da wurin saka faifan CD. A 2011 Intel ta kawo tsarin siraran kwamfutoci mai suna Ultrabook, sauran kamfanoni suka bi sahu. Daga nan ƙofofin jikin kwamfuta, wato ramukan da ake jona waya, suka yi ta raguwa, har wasu suka koma USB-C biyu kacal. A ciki kuma, abin da a da ake zarewa da hannu yanzu an narka shi da dalma a jikin babban allon ciki (motherboard), batir kuma sau da yawa da gam ake manne shi.

Ke nan ba zan iya ƙara RAM, ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, daga baya ba?

A yawancinsu ba za ka iya ba, kuma wannan ne ya fi damuna. Wanda ya sayi mai giga 8 da ita zai zauna har kwamfutar ta tsufa. Ma'adanar SSD kuwa ta danganta: wasu suna da ramin M.2, sukuru ɗaya za a kwance a canza ta, amma a MacBook Air na yanzu ita ma a manne take. Idan babban allo ya mutu, ciro fayilolinka sai ya zama jan aiki. Saboda haka tambayi mai sayarwa abin da ke zaruwa tun kafin ka biya, kuma ka riƙa ajiye kwafin aikinka a wani wuri.

Zafi fa?

MacBook Air mai ƙwaƙwalwar M1 na 2020 ba shi da fanka sam. Shiru yake, amma aiki mai nauyi ya daɗe sai ya rage gudu don kada ya ƙone.

Tsohon iPod ɗina, na'urar jin waƙa ta Apple, yana ƙas-ƙas, ba ya tashi. Ya mutu ke nan?

Kada ka yar da shi. A manyan iPod, tun na farko na 2001 mai giga 5 har zuwa iPod Classic da Apple ta daina yi a 2014, ƙaramin faifai ne mai juyawa, inci 1.8, ke riƙe waƙoƙin. Wannan ƙarar alama ce faifan ya gaji. Ana cire shi a sa adafta mai ɗaukar katin SD, a sake ɗora manhaja da kwamfuta. Na'urar sai ta ƙara sauƙi a hannu, caji ya fi daɗewa, faɗuwa ma ba ta cika yi mata illa ba. Wahalar tana wurin buɗewa, musamman masu fuskar ƙarfe, domin maƙalansu suna da tauri, ga siririyar wayar batir da ke tsinkewa idan aka yi gaggawa. Idan ka ga bayan ya ɗago ko allo ya turo, batir ne ya kumbura. Daina caji nan take, kuma kada ka huda shi, yana iya kamawa da wuta.

To Walkman mai kaset?

Sony ta fito da shi a 1979, kuma ciwonsa kusan guda ne: bel ɗin roba. Shekaru suna sa ya saki ko ya narke ya zama baƙin danƙo, sai ka ji injin yana juyi amma kaset ya tsaya cik, ko murya ta riƙa ja. A goge danƙon da auduga da sinadarin isopropyl, a sa sabon bel daidai girman na da, a share kan da ke karanta kaset da ƙaramar tayar robar da ke matse zaren. Kafin ka kwance komai, ɗauki hoton yadda bel ɗin ya zagaya ƙafafun, domin mayarwa ta fi cirewa wuya.