Cocin ginin ƙasa na Navrongo: tambayoyi da amsoshi

A zangunan Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, muna zaune kafaɗa da kafaɗa da mutanen Arewacin Ghana, kuma da yawa daga cikin Kasena da Farafara 'yan Katolika ne, waɗanda a nan ake kira 'yan Roman. Idan hira ta kai ga gida, sukan ambaci wani tsohon coci da ke Navrongo wanda aka gina da jar ƙasa. Ga tambayoyin da mutanenmu suka fi yi a kansa.

Ina ne Navrongo, kuma me ya kai coci can?

Navrongo na cikin Yankin Gabas na Sama (Upper East), wanda Bolgatanga ke zama babban birninsa, daf da Paga inda iyakar Ghana da Burkina Faso take. Ƙasar Kasena da Nankani ce.

Katolika ta daɗe a bakin teku kafin ta san hanyar Arewa. Turawan Fotugal sun yi ibada a Elmina tun 1482, sannan a 1880 wasu limamai biyu Faransawa suka sake kafa mishan a garin. To amma waɗanda suka isa Navrongo ba daga teku suka hauro ba. Daga Wagadugu suka gangaro a 1906, 'yan ƙungiyar da Kadinal Lavigerie ya kafa a Aljeriya a 1868, waɗanda ake wa laƙabi da Fararen Fada saboda farar rigar da suke sawa irin ta Larabawan Magrib. Dalilin tahowarsu siyasa ce: a 1905 gwamnatin Faransa ta raba addini da mulki, hukuma ta tsananta wa coci, limaman da ke Wagadugu, wadda ke hannun Faransa a lokacin, suka ji tsoron kada wata rana a kore su. Sai suka nemi wurin fakewa a ƙasar da ke hannun Ingila. Cikin waɗanda suka fara sauka har da Fada Oscar Morin, ɗan Kanada, wanda daga baya ya zama bishop, wato shugaban limaman wurin, a 1934.

Wannan ginin da ake gani yau shi ne na 1906?

A'a. Na farko ƙaramin ɗakin ibada ne. Babban ginin da ke tsaye yanzu na 1920 ne, wato ya haura shekara 100.

Da gaske ne da ƙasa zalla aka gina shi? Yaya bai rushe ba?

Da gaske ne. Bangon tubalin ƙasa ne da aka shanya a rana, aka jera da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, aka yaɓe da ƙasa. Tsawon ginin ya kai mita 60, faɗinsa kamar mita 14, hasumiyar ƙararrawa kuma kamar mita 13. Rufin na katako ne da kwano, kuma wannan kwanon yana cikin sirrin daɗewarsa, domin babban maƙiyin ginin ƙasa ruwa ne. Ruwan da ya zauna a kan bango ya jiƙa shi, da wanda ya kwanta a gindinsa ya ci tushensa, su ne ke kayar da gida. Idan rufi ya tsare kan bango, aka gyara wa ruwa hanya a ƙasa, aka riƙa sabunta yaɓe kafin damina, aka sa ido a kan gara, ginin ƙasa yana iya binne jikokin maginansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne daɓen. Tsakuwa ce da ƙasa da kashin shanu aka daddaɓe, aka zuba musu ruwan ɓawon ɗorawa. Duk wanda ya tashi a hannun kaka ya san wannan aikin: makuba ce. A jiƙa ɓawon ko a tafasa shi har ruwan ya yi ja-ja, a yayyafa a kan ƙasa, mata su durƙusa a jere da madaɓi suna bugu suna waƙa har daɓen ya yi tauri ya ɗauki sheƙi. Bishiyar da ke ba mu kalwar daddawa ita ce ta ba wannan cocin daɓensa. Fasahar da Hausawa suka riƙe a Kano da Zariya, ita ce Kasena da Nankani suka riƙe a tasu ƙasar, kowa da salonsa.

To tsarin ginin na Turawa ne ko na mutanen ƙasa?

Tsarin na Turai ne, hannun na gida. Idan ka shigo ta ƙofar gaba, ƙarƙashin hasumiya, za ka ga doguwar farfajiya miƙe har zuwa bagadi, inda fada ke tsayawa ya jagoranci ibada. Layi biyu na ginshiƙai sun raba cikin gida uku: babban fili a tsakiya, sai 'yan lunguna biyu a dama da hagu. Haka tsofaffin coci-coci na Roma suke. Bambancin masallaci da wannan a fili yake. Masallaci yana son faɗi domin sahu ya yi tsawo, coci irin wannan kuwa yana son zurfi, domin ido ya tafi kai tsaye zuwa bagadi.

Limaman sun zo da tsarin ginin a ransu, amma ba su zo da dutse ko siminti ba, kuma babu hanyar mota da za ta kawo su da araha. Sai aka yi da abin da ke ƙarƙashin ƙafa, da hannun mutanen da suka san halinsa. Kaurin bangon yana hana zafi shiga da rana, abin da duk mai kwana a ɗakin bulo da kwano a watan Maris zai so ya samu.

Su wa suka yi zanen da ke jikin bango?

Mata ne, kuma wannan shi ne abin da ya fitar da cocin daga sa'o'insa. Rabin ƙarni ginin ya yi kafin a ƙawata shi haka. A shekarun 1970 aka gayyato mata, musamman daga ƙauyen Sirigu, waɗanda suka gāji zanen bangon gida daga iyayensu mata. A ƙasarsu namiji ke gini, mace ke yaɓe da ado.

Ba fentin kanti suka yi aiki da shi ba. Launi uku ne, kuma duk daga ƙasa: ja daga jar ƙasa, baƙi daga wani dutse da ake dakawa, fari daga farin dutse mai laushi. Sukan yaɓa ƙasa mai gauraye da kashin shanu, tun tana da danshi su tayar da siffofi da yatsu, su goge fuskar bangon da santsin dutse har ta yi sumul, su ja layukan baƙi da fari, a ƙarshe su shafe da ruwan makuba domin ya riƙe launin. Aikin gayya ne, kuma dole a gama kafin yaɓen ya bushe.

A jikin ginshiƙai da bango akwai zane mai kusurwa-kusurwa irin na gidajen Nankani, akwai dabbobi da abubuwan zaman yau da kullum, sannan akwai mala'iku da labaran Littafi Mai Tsarki kamar haihuwar Yesu a Baitalami da jibin ƙarshe da ya ci da almajiransa. A ganina wanda ya yanke shawarar kiran matan nan ya yi hangen nesa. Da an ɗauko mai fenti daga Ankara, da yau cocin bai bambanta da dubbai irinsa ba.

Me ya sa ake danganta shi da baƙin ciki bakwai?

Sunansa ke nan: cocin Maryamu, uwar Yesu, mai baƙin ciki bakwai. A koyarwar Katolika, akwai abubuwa bakwai da suka soki zuciyarta game da ɗanta, daga annabcin da dattijo Siman ya yi mata lokacin da Yesu yake jariri, da gudun hijira zuwa Masar, da ɓacewar yaron kwana uku a Urushalima, har zuwa gicciye da binnewa kamar yadda Kirista suka yi imani. Suna tunawa da wannan ranar 15 ga Satumba.

Ana cewa basilika ne. Mene ne wannan?

Daraja ce da Paparoma ke bai wa coci saboda tarihinsa ko matsayinsa. Na Navrongo ya samu tasa a 2006, zamanin Paparoma Benedict na 16, daidai lokacin da mishan ɗin ya cika shekara 100. Cocin Waliyyi Bitrus da ke Roman Hill a nan Kumasi ya riga shi da shekara biyu. Ghana kuma ta sa ginin Navrongo cikin jerin wuraren da take nema wa shiga kayan tarihin duniya na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun shekarar 2000.

Mu da ba 'yan coci ba, me ya shafe mu?

Ya shafe mu ta fuskar gini. Masallacin Larabanga da sauran tsofaffin masallatan ƙasa na Arewa suna fama da damuwa iri ɗaya: ruwa, gara, da ƙarancin masu sanin aikin. A Larabanga an taɓa lulluɓe bangon da siminti da niyyar kare shi, sai simintin ya kulle danshi a ciki, ginin ya soma lalacewa, har sai da aka kankare shi aka koma yaɓen ƙasa. A zangunanmu kuwa an wayi gari ginin ƙasa ya zama alamar rashi, kowa burinsa ya rushe ya sa bulo. Birkila na da yawa, amma magini wanda ya san kwaɓin ƙasa da makuba sai an tona. Wannan abin yana damuna ƙwarai, domin sana'ar da ba a koya wa yara ba, da mutuwar tsofaffi take tafiya.

Musulmi zai iya shiga ya gani?

Zai iya. Baƙi na zuwa daga ko'ina. A nemi izini a ofishin mishan, a kauce wa lokacin ibada, a yi tambaya kafin ɗaukar hoto, kuma kada a taɓa zanen da hannu, domin gumi da shafa suna cinye launin. Daga Kumasi mota na bi ta Techiman, Kintampo, Tamale da Walewale zuwa Bolgatanga, daga nan Navrongo kamar kilomita 30 ne. Wanda ke da sarari ya ƙarasa Sirigu, inda har yanzu mata ke yin irin wannan zanen a bangon gidajensu.