Allurar agogo ko injin, wa ke ƙarya? Amsa ga masu koyon gyaran ƙananan jirage

Kusan duk wanda ya shigo koyon aiki sai ya yi mini waɗannan tambayoyin. Ga amsa, a riƙe.

In hura bututun fito (wanda ke ɗebo iskar da ke motsa agogon gudu) da baki in ga ko ya toshe?

A'a. Iskar bakinka kaɗai ta isa ta lalata agogon gudu. Cire tiyon daga bayan agogo tukuna.

Ta yaya zan san agogon tsayi na daidai?

Saita matsin iskar da hasumiya ta ba ka. A filin jirgin Kano ya kamata ya nuna ƙafa 1,562. In ya kauce da fiye da ƙafa 75, a kai shi awo.

Murfin bututun fito dole ne?

Har yanzu ana tambayar wannan? Zanzaro ba ya buƙatar mako guda kafin ya liƙe rami da laka. Shi ake zargi a haɗarin jirgin Birgenair na 1996, mutum 189 suka rasu. A shekarar dai, jirgin Aeroperu ya faɗa teku da mutum 70 saboda salatif da aka manta a kan ramukan sitatik, masu kai wa agoguna matsin iskar waje, bayan an goge jikin jirgin. Ka rufe, ka kuma cire kafin tashi.

Matsin man inji ya yi ƙasa. Agogon ne ko injin?

Nan kam sai a hankali, ɗana. In daƙiƙa 30 ta wuce da tayar da inji allura ba ta motsa ba, kashe shi, kada ka tsaya tunani. In ta tashi amma ta tsaya ƙasa da koren layin da ke fuskar agogo, dubi zafin man. Matsi na sauka zafi na hawa, galibi matsalar ta gaske ce. In zafin na nan daram, mai yiwuwa agogon ne, ko waya, ko tiyo. Mai yiwuwa na ce, ban ce ka tashi jirgi a kai ba.

Ni dai nakan ɗaura agogon gwaji mai takardar awo da ba ta ƙare ba, in kwatanta su. In sun yi daidai, sai in duba bawul ɗin rage matsi, don ɗan datti kamar ƙwayar gero kan hana shi zama. Sannan in yanka filta, in baje takardar cikinta a rana. Ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe? To magana ta wuce agogo. Kuma rana a Zariya cikin Afrilu takan sa mai ya tsinke, matsi ya ɗan sauka, wannan kada ya tayar maka da hankali muddin yana cikin iyakar da littafin injin ya gindaya. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mai murɗa bawul don allura ta shiga kore alhali bai gano dalili ba.

Gwajin yoyon sitatik fa?

Zuƙe iskar bututun sitatik har agogon tsayi ya nuna ƙafa 1,000 sama da inda jirgin yake, ka jira minti ɗaya. Kada ya sauka fiye da ƙafa 100. Sake iskar sannu-sannu.