Fonon mai juyin dama ko hagu

Ƙwayoyin zarra da ke cikin kiristal, wato daskararren abu da zarrarsa ke jere bisa tsari, ba a tsaye suke cik ba. Kowacce na karkarwa a gurbinta, motsin kuma yana ratsa jerinsu daga wannan gefe zuwa wancan. Mafi ƙanƙantar kason wannan girgiza shi masana fiziks ke kira fonon. Galibi ƙwayar gaba da baya take yi, amma a wasu kiristal zagaye take yi, kamar muciya a tukunyar tuwo. Irin wannan fonon yana ɗauke da ƙarfin juyi, juyin kuma yana da hannu: ko dama ko hagu.

Tarihi

Maganar ta faro ne daga kwaz, farin dutsen ƙanƙarar nan da ake samu a yashin Binuwai a Garwa da cikin duwatsun Mandara. A 1811 François Arago ya lura a Faransa cewa kwaz na murɗa fuskar da haske ke kaɗawa. Wajen 1820 John Herschel ya nuna murɗawar tana bin ƙirar dutsen, domin akwai kwaz na dama, akwai bahago. A 1848 Louis Pasteur ya zauna da hantsaki yana tsince ƙwayoyin gishirin tataret ɗaya bayan ɗaya, ya ware su gida biyu, kowanne hoton madubin ɗan'uwansa. Duk wannan batun ƙira ne, ba a zo kan motsi ba tukuna.

Motsin ya shigo a 1915, da Albert Einstein da Wander de Haas suka rataye sandar ƙarfe da siririn zare a cikin naɗin waya. Da suka sauya fuskar maganaɗisunta, sai sandar ta juya. Ke nan juyin ilektiron, ƙananan ƙwayoyin cikin zarra da juyinsu ke haifar da maganaɗisu, yana komawa jikin ƙarfen, amma ta wace hanya? An daɗe ba amsa. Igor Tamm ya kawo tunanin fonon wajen 1930, sai dai shekara da shekaru ana ɗaukar jimillar juyinsa sifiri ne. Akwai dalili: a kiristal marar maganaɗisu wanda zafinsa ya daidaita, kowane fonon mai juyi yana da kishiya da ke soke shi.

Lifa Zhang da Qian Niu ne suka farfaɗo da batun a 2014 da 2015, da lissafi kan shimfiɗar zarra mai kusurwa shida.

Gwaje-gwaje

A 2018 masu bincike a Berkeley ta Amurka suka ga alamar fonon mai juyi a wani kiristal da ake kira tangistin diselenaid, mai kaurin shimfiɗa ɗaya. Gwaji kan ƙarfe a 2019 da kan nikel a 2022 ya nuna idan walƙiyar lesa ta rage maganaɗisu, juyin yana shiga jerin zarra cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa. Tsakanin 2022 da 2023 aka tabbatar da fonon mai juyi a jan ma'adinin sinaba, sannan a kwaz ɗin kansa da hasken eksire.

Saɓani

Wasu masana na cewa fonon na shimfiɗa ɗaya zagaye kawai yake yi. Sai wanda ke juyi yana kuma tafiya bisa sandar juyinsa ya cancanci a ce yana da hannu. Wani saɓanin kuma, girman maganaɗisun fonon da aka auna a wasu kiristal ya zarce lissafin farko nesa ba kusa ba, ba a kuma daidaita kan dalili ba.

Amfani

Ana sa ran amfani da fonon mai juyi wajen sarrafa maganaɗisun ajiyar bayanai, amma aikin bai fita daga ɗakin gwaji ba.